Katin Ɗan Jirgi Mashayi

A wata rumfar sayar da katuna kusa da tashar jiragen ruwan Hull, a Ingila, tsohon ɗan jirgi Silas Garbutt ya tsura wa wani katin zolaya na ranar masoya ido. An zana ɗan jirgi a buge, riƙe da kwalba, mata biyu sun maƙale masa.

"Baba, wa za ka tsokana?" in ji mai rumfar.

"Ni aka riƙa tsokana, 'yata. A da, duk shekara sai an aiko min irinsa, babu suna. Har dambe na yi da abokan aikina a kai."

"Sharri aka yi maka?"

"Kwalbar dai gaskiya ce."

Ta yi dariya. "Ka gano mai aikowar?"

Ya ajiye katin a hankali.

"Tun da na binne matata ba a sake aikowa ba."