Dije, Macijiyar da Na Ƙi Kai wa Allura

Kuɗin jirgina daga injin markaɗen Inna ya fito. Ita da kanta ta sa aka kwance shi aka kai kasuwa, ta ƙulle abin da aka samu a bakin zani ta miƙa mini. Ta ce, "Rabi, tunda gwamnati ta ce za ta biya makaranta, ni na biya hanya." Haka na sauka a Mancesta ta ƙasar Ingila da shaidar likitan dabbobi a jakata, zan yi digiri na biyu. Gwamnatin kuwa zango ɗaya ta biya, daga nan ko sallama. Ke Ummi, matso da kujerarki, ba zan yi ta ɗaga murya ba.

Na tarar da Turawan cikin abin da suke kira ostariti. Da farko na ɗauka wata cutar ƙashi ce, ashe tsuke bakin aljihu ne. Kullum rediyo "kots, kots," har na zaci kwat ake rabawa saboda sanyi, ashe yanka ake nufi. A yanke laburare, a yanke bas, a yanke ma'aikata. Na taka Mancesta har takalmina ya huje ban samu aiki ba, sai a Bamingam, wadda 'yan garin suke ce wa "Brom" kamar ana tada babur. Na kama ɗaki a unguwar Lozels, ranar lacca in hau bas in tafi jami'a a Mancesta in dawo.

Aikin a wani ƙaramin gidan dabbobi ne da kansul, wato ƙaramar hukumarsu, ke riƙe da shi. Shaidata ba ta aiki a can, don haka tsintsiya da bokiti aka ba ni. Ɗakin macizai kowa gudunsa yake yi, ni kuwa na ce a ba ni, don shi kaɗai ne mai ɗumi a gidan.

Nan na san dangin da ake kira bowa. Kada ku ce mesa, ko da yake kamar su ɗaya a ido. Ba su da dafi, matse abinci suke yi. Akwai wata koriya shar da take naɗe a reshe kamar an rataya gammo, akwai mai ƙyalli idan haske ya taɓa ta, akwai ɗan guntu mai binne kansa a yashi, wanda ke da 'yan'uwa har a yankinmu. Anakondar da kuke gani a talabijin ma danginsu ce. Babbarsu a ɗakin wata tsohuwa ce, asalin irinta Kudancin Amurka, ta fi ni tsawo, da tabo a baki. Daces suke kiranta, wai matar basarake. Ni Dije nake ce mata.

Wata Litinin manajanmu Mista Kolin ya tara mu ya ce kansul ta yanke, za a rufe ɗakin macizai. Ƙananan masu kyau an samu masu ɗauka, har namijin da ke tare da Dije ya tafi. Ita aka bari. Mutane a lokacin yasar da nasu macizan ma suke yi, don wutar ɗumama su ta gagare su. Ga shi Dije ta daina cin abinci.

Ya kira ni ofis. "Robi," haka yake kiran sunana kamar na roba, "ranar Alhamis ki sa ta a akwati ki kai wa likita. Za a kwantar da ita."

Kun ji ladabin Turawa. Kwantarwa, wai allurar kisa.

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Ciki gare ta."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Dubi bayanta yadda ya kumbura, dubi yadda take dunƙulewa a kan ɗumi. Mai ciki ba ta cin abinci."

Ya ce, "A nan ke ba likita ba ce."

Na ce, "A nan ma hannuna nawa ne, kuma ba zai ɗauke ta ba."

Ya tuna mini cewa shi zai rubuta mini takardar shaidar aiki, kuma sunana ne farko a waɗanda za a sallama. Na ce na ji. Na ce tunda shara ce a wurinku, rubuta ka ba ni. Ya sa hannu yana girgiza kai, wani direban gidan ya kai mini ita ɗakina da akwatinta na gilashi.

Mitar wutar ɗakin nawa mai makulli ce, sai ka je kanti ka biya an zuba mata wuta. Ba ta isar mu biyu. Na kashe hita, na bar wa Dije tabarmar ɗuminta, ni ina karatu cikin kwat da safa biyu. Ɓerayenta daskararru suna can ƙasan firji, naman miyata a sama. Kar ka yamutsa fuska, Abba, a leda suke.

Labari ya kai unguwar Safakburuk, inda mutanenmu suke haɗuwa ranar Juma'a, likitoci da injiniyoyi da matansu. Na zama "Rabi mai maciji." Wata ta daina cin abin da na dafa, wata ta tambaye ni a ɓoye ko asirin samun takardar zama ne. Na ce mata da asiri ne da na fara da biyan kuɗin makaranta.

Mai gidan da nake haya sunansa Mista Dafi. Ba ni na raɗa masa ba, da abinsa na same shi. Macijiya ba dafi, mai gida shi ne Dafi. Wata Asabar da hantsi ya zo duba famfo, ya yi daidai da ranar da Dije ta tashi haihuwa. Ita bowa ba ƙwai take yi kamar mesa ba, 'ya'ya take haifa rayayyu, kowane cikin 'yar jakarsa mai santsi, ya huda da kai ya fito. Ina durƙushe ina tsame su ɗaya-ɗaya cikin roba, na kai na goma sha bakwai, sai na ji numfashi a bayana.

Ya ce, "Yarjejeniya ta ce ba dabba."

Na ce, "Ta ce ba kare ba kyanwa. Na karanta."

"Mako guda na ba ki."

"Doka ta ba ni fiye da haka, amma ba na so. Gidan da bango ke gumi."

Na faɗi haka ne ban san inda zan kwana ba.

Akwai wani tsohon Bature a Lebenshum, can Mancesta, mai karɓar macizan da aka yasar. Tun farko ya ce mini ba wuri. Da na aika masa hoton 'ya'yan sai ya ce in kawo su da uwar, zai san yadda zai yi. Bas ba ta ɗaukar maciji. Wadda ta zo da mota ita ce Hajiya Zulai, matar wani likita, wadda ta daina cin girkina. Na sa Dije a rigar matashi, 'ya'yan a robobi, da kwalaben ruwan zafi a gefe. Daga Bamingam har Mancesta Hajiya ba ta saki Ayatul Kursiyyu ba, idonta ɗaya a titi ɗaya a madubi. Da muka isa ta leƙa roba ɗaya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe kyau gare su." A falonta na samu wurin kwana har na ƙarasa karatuna.

Dije ta karɓi ɓera bayan mako biyu. Tsohon ne ya bugo ya gaya mini.

Na dawo gida da akwati ɗaya da digiri, da takardar Mista Kolin. Ya cika alkawari, ya rubuta cewa ina zuwa a kan lokaci amma ba na bin umarni. Da na je neman aiki a nan, shugaban masu tantancewa ya karanta, ya sauke tabarau.

"Dakta, wannan da ya rubuta gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Suka ce in tafi za su neme ni. Har yau suna nemana. Sai na kama shago a bakin kasuwar dabbobi, na rubuta sunana a allo da hannuna, shi ne asibitin da kuke zuwa kuna cinye mini gyaɗa. Yanzu ku tashi ku ba ni hanya, akwai saniyar da ke naƙuda tun safe, kuma mai ita ya ce a yanka.