Na'ura Mai Shaidar Wani

Assalamu alaikum wa rahamatullahi.

Mai girma shugaban wanga zama, Malam Abarci, jagoran gidan matasa na Dakoro. Mai girma wakilin magajin gari, wanda ya baro kujerarshi mai taushi ya zo ya zauna bisa bencinmu. Iyayenmu maza da mata da ke can baya ƙarƙashin rumfa, waɗanda ba su taɓa riƙe manet ɗin buga wasan bidiyo ba amma sun san fuskar ɗansu ranar da anka ci shi. Matasa 'yan fadar hira na Kornaka da na Sabon Maci da na Ajekoriya, da kunka hau moto, wato babur, tun da sanyin safiya. Baƙona kuma baƙon gari, Alhaji Mamani na Maraɗi. 'Yan'uwana 'yan wasa, gwanaye da masu da'awar gwaninta. Jama'a baki ɗaya, ina yi maku barka da hantsi.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga shugaba da ya ba ni magana, ina kuma godiya ga waɗanda sunka riga ni tashi, ko da yake sun cinye mani rabin lokacina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Agali. Dillali ne ni a kasuwar dabbobi, ɗan dillali, kuma shekarata goma sha ɗaya ina wasan ƙwallo bisa tele, wato talabijin, a cikin ɗakin can na kusurwa. Abin da ya tara mu kowa ya san shi. Alhaji Mamani ya zo da sabuwar na'urar wasan bidiyo guda ɗaya, ya ce zai ba mu ita, mu kuwa mu ba shi tsoffin na'urorinmu huɗu da bijimin da munka yi wata takwas muna turkewa bayan gidan nan. Idan na zauna, shugaba zai ce a ɗaga hannu. Idan hannuwa sunka yi rinjaye, kafin la'asar na'urorin huɗu suna cikin mota, bijimi yana cikin wata.

Kuma na san dalilin da zai sa da yawanku su ɗaga. Ba takarda kunka karanta ba, ba kwali kunka duba ba. Ranar Laraba, a wurin nan da nake tsaye, an tambaye ni game da Alhaji Mamani, na ce na tsaya mishi. A garin nan kowa ya san nauyin wagga kalma. Baƙo ya sauka gidan dillali, ya ci tuwonshi, ya kwana shimfiɗarshi, dillali ya kai shi kasuwa ya tsaya mishi. Daga nan mai saye ba ya tambayar baƙo asalinshi. Idan saniya ta fito da ciwon ɓoye, ko raƙumi ya zamo na sata, baƙo ya daɗe da tafiya, ƙofar dillali ake bugawa. To na faɗi kalmar ranar Laraba, kuma na faɗe ta ban duba abin da nake tsaya ma ba. Hoto ne ya ruɗe ni. Kwana huɗun nan na yi su ina dubawa, kuma abin da na gani ne na zo in shimfiɗa gabanku.

Magana ta farko, ƙarfin na'ura. Ƙanena Abdurrazak ya tashi ɗazu ya yi mana bayani mai daɗi, ya ce ana ganin zufa a goshin ɗan wasa, ana ganin ciyawar fili tana kwantawa, ba ta jan ƙafa, ba ta sa ka jira. Bai yi ƙarya ba, ni ma na ga zufar. Amma ina son ku tambaye shi a ina ya gan ta. A Maraɗi ya gan ta, cikin ɗakin otel mai na'urar sanyi, inda kuran, wato wutar lantarki, ba ya ƙiftawa. Ni kuwa a ɗakina Alhaji ya kunna mani ita, ɗakin kwano, ranar Alhamis bayan azahar. Ba mu kai hutun rabin lokaci ba ta fara gurnani, na sa hannu na ji ta kamar murfin tukunya, kafin in buga kwana ta ɗauke. Na dubi Alhaji, ya yi murmushi ya ce, "Ai Agali, irin waɗanga ba su son wahala. Ka aza ta kusa da randa, ka sa mata fanka biyu." Jama'a, ɗakin wasanmu fanka ɗaya gare shi, ita ma sai an tura ta da sanda. Tsoffin nan huɗu da muke rainawa sun ga bazara bakwai a Dakoro, sun sha rairayi, sun sha ɗaukewar kuran, ɗaya ma ta sha shayi kofi guda a hannun Abdurrazak, kuma yau da safe duka huɗun sun tashi.

Magana ta biyu, farashi. An ce mana kuɗinta jika ɗari huɗu da hamsin na sefa, an ce kayanmu sun kai haka. Ban yi musun wannan ba. Abin da ya tsaya mani shi ne yadda farashin ke girma duk lokacin da na buɗe baki. Na ce ina manet ta biyu? Anka ce wannan daban. Na ce ina wurin sa faifai, mu sa wasanninmu na da? Anka ce wagga ba ta cin faifai, zamani ya wuce nan. Na ce to in muna son sabon wasa fa? Anka ce ta rezo, wato hanyar intanet, ake saukowa da shi, shi ma daban. Shekara ashirin ina ciniki, ban taɓa sayar da jaki ba in ce ma mai saye ƙafafun baya daban ne. Kuma ku yi tunanin ranar Lahadi irin ta yau. Yanzu mutum takwas ke zama su yi wasa lokaci guda, wasu takwas na bayansu suna yi masu ba'a suna jiran layi. Gobe mutum ɗaya zai zauna da manet ɗaya, mu arba'in mu tsaya muna kallon zufar goshin wani Bature. Wanda ya taso daga Kornaka zai koma bai taɓa komi ba.

Magana ta uku, rezo da abonoma, wato kuɗin wata-wata da ake biya kafin a bar ka ka yi wasa da mutanen wasu ƙasashe. Nan zan sara ma ƙanwata Hamsatu, mai sayar da forfe, wato kuɗin kira da na intanet, a bakin tasha, wadda ta ci Abdurrazak uku da babu a gasar bara, ko da yake ya ce manet ce ta lalace. Ranar Laraba ita kaɗai ta yi tambayar da ta dace, munka yi mata dariya. Cewa ta yi, "Alhaji, in rezo ya tahi, mi za ta yi?" Alhaji ya ba ta amsa da saurin na'ura. Ta sake tambaya, ya ba ta amsa da kyawun hoto. Ta sake ta uku, shugaba ya ce lokaci ya ƙure. Hamsatu ta san abin da take faɗi, don ita ce ke shan zagi a bakin tasha duk ranar da rezo ya kwana biyu bai leƙo ba. Ranar Juma'a na ce ma baƙona mu aza na'urar bayan moto mu kai ta Sabon Maci, inda sai an hau tudu ake samun kira, mu ga ko za ta tashi. Ya ce hanya za ta girgiza ta. Na ce to mu kashe rezon nan gida mu gani. Ya ce kanshi na ciwo.

Duka waɗannan ukun, da su kaɗai ne, da na ce a yi gardama a kansu, mai so ya so, mai ƙi ya ƙi. Zafi yana da magani, farashi ana rage shi, rezo wata rana zai gyaru. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne na huɗu, kuma shi ban ji kowa ya ambata ba.

Jiya da safe na kunna ta ni kaɗai, karo na farko da ba Alhaji ne ya kunna ba. Da ta buɗe sai ta yi gaisuwa, ta rubuta suna a kusurwar tele. Ba sunan gidan matasa ba, ba sunan Mamani ba. Attaher ta rubuta. Wasanni goma sha biyun da anka ce mana kyauta ne, kowane yana ƙarƙashin sunan Attaher. Abonoman da anka ce an biya mana na shekara, na Attaher ne. Na taɓa wurin da ake canza suna, ta ce in sa lambar sirri.

Iyayena da ke baya, ku kun fi kowa gane wannan. Idan anka kawo mana raƙumi kasuwa, kafin haƙori, kafin tozo, kafin tafiya, wuya da cinya muke dubawa, mu ga shaidar da anka sa mishi da wuta. Idan shaidar ta gidan da munka sani ce, mu ci gaba. Idan ba mu san ta ba, ko raƙumin ya fi na kowa kyau a kasuwar, ana ɗaure shi gefe sai an san mai ita. Ni da anka haifa cikin wanga aiki, ni da na san shaidar kowane gida daga nan har Tawa, na tsaya ma dabba ban ɗaga wuyanta ba, saboda ta zo cikin kwali da leda. Kunya nake ji, kuma gara in faɗe ta da bakina.

Na tambayi baƙona wane ne Attaher. Ya ce ɗan yayarshi ne, yana Kwatano. Na ce lambar sirrin fa? Ya ce tana wurinshi, ba matsala, duk lokacin da munka buƙata a kira shi. Na ce kira shi. Ya ce yana wurin aiki. Bayan la'asar na ce kira shi. Ya ce layin ba ya shiga. Yau da safe muna shan kunu na ce, "Alhaji, abu biyu nika roƙo. Ka bar muna ita kwana bakwai, kasuwa zuwa kasuwa, kamar yadda ake barin saniyar tatsa a ga nononta. Kuma a kira Attaher gaban jama'a." Ya ajiye ludayi ya ce, "Haba mai gida, motata bayan azahar take tashi. Kai dai ka riƙe maganarka ta Laraba, la'adarka na ninka ta."

Ku saurare ni da kyau, don kada a fita a ce Agali ya kira baƙonshi ɓarawo. Ban kira shi ba, ba kuma zan kira shi ba. Mai yiwuwa akwai Attaher, mai yiwuwa ɗan yayar ne, mai yiwuwa yaron kirki ne da ba zai taɓa canza lambarshi ba, ba zai yi fushi da kawunshi ba, ba zai sayar ma wani a Tasawa irin abin da anka sayar mana ba. Mai yiwuwa. Amma ranar da ya tashi ya canza, daga Kwatano, yana kwance bisa katifarshi, mu nan za mu wayi gari da baƙin akwati da manet ɗaya. Na'urorinmu huɗu sun tafi, bijimi an daɗe da cinye shi, ɗakin kusurwa an sa mishi kwaɗo. Ran nan ba Kwatano za ku tafi ba, ba Maraɗi za ku tafi ba. Gidana za ku zo, kuma kuna da gaskiya, ni kuwa ba ni da abin da zan ba ku.

Alhaji Mamani, baƙona, ka dube ni. Ka ci abincina kwana biyar, kuma in ka dawo gobe shimfiɗarka na nan, ni zan ɗaukar maka jaka zuwa tasha. Ga wayata, na sa mata kuɗin kira a wurin Hamsatu, na aza ta bisa teburin shugaba. Idan ka ɗauka ka kira, Attaher ya amsa, ya faɗi lambar kowa na ji, munka goge sunanshi munka sa na gidan matasa, to zan ba ka haƙuri gaban iyayen nan, sauran gardamar kuma jama'a su yanke. Idan ba haka ba, ga goron da ka ba ni ranar Laraba, cikin takardarshi, ban buɗe ba.

Na san abin da wannan zai jawo mani. Ranar kasuwa mai zuwa za a ce Agali ya tsaya ma mutum ya zame, kuma akwai fataken da ba za su ƙara sauka gidana ba. Mahaifina ya yi shekara arba'in a kasuwar can bai taɓa janye kalma ba, yana zaune can baya yanzu, tun ɗazu ban iya duban wajen ba. Amma shi bai taɓa faɗin kalmar kafin ya duba ba, ni na faɗa. Saboda haka, ya shugaba, a shaida: na janye hannuna daga wanga ciniki. Wanda zai ɗaga hannu ya ɗaga don abin da ya gani da idonshi. Kada mutum ɗaya a wurin nan ya ɗaga don Agali ya tsaya, don Agali bai tsaya ba.

Allah ya tsare mu da sayen abin da ba mu sani ba. Allah ya shirya matasanmu, ya sa wasansu ya zama zumunci, kada ya zama gaba. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dabbobinmu. Allah ya mai da mutanen Kornaka da Sabon Maci da Ajekoriya gidajensu lafiya, ya mai da baƙona Maraɗi lafiya, da na'urarshi ko babu ita. Allah ya yafe mani gaggawar bakina.

Wayar tana bisa tebur, Alhaji. Na gode.