Harajin Allon Shago

Mota ta ƙi cika a tasha, sai wani tela da ke kujerar baya ya juya wajen dattijon da ke gefensa.

"Baba, ka ji ƙudurin da ke gaban majalisar jiha? Wai allon shago ma za a sa wa haraji, gwargwadon girmansa!"

"Na ji, ɗana. An ce makarantu za a yi wa rufi da kuɗin."

"Wane rufi! Allona ya fi ƙofar shagon faɗi. Gobe zan sauke abina."

"Kul! Shago ba allo ai mutum ne ba suna. Ka dai sa a yi maka ƙarami, ja da fari."

Tela ya dubi hannun dattijon, ya ga fenti a bakin farcensa.

"Baba, wai mece ce sana'arka?"

"Rubutun allo," in ji dattijo, ko a jikinsa. "In kowa zai rage nasa, ai kakata ta yanke saƙa."

"Ashe shi ya sa makarantu suka ba ka tausayi!"

"Jikokina na ciki, ruwa na dukansu. Amma tsakani da Allah, allon 'yan takara ya fi tsoka, kuma su ƙudurin bai taɓa su ba."

Tela ya daki cinyarsa.

"To kada ka rage min komai, Baba. Rubuta sunana ɓaro-ɓaro, ɗan takarar kansila. A ƙasa ka ƙara: ana ɗinkin maza da mata."