Kada a Rufe Ɗakin Ba-Zama

Shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran wuta, likitan da ya yi ɗawainiya da shi, uwar yara, babban ɗansa da ƙannensa, 'yan uwa da maƙwabta, ina yi muku sallama, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ku yi mini uzuri idan kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya. An ce in yi magana a madadinmu domin shekara talatin muna hawa tsani ɗaya da marigayi. Amma ba yabo kaɗai na kawo ba, har da roƙo. Na ji an ce za a kwashe kayan ɗakin aikinsa a rufe, kuma tun da na ji zancen nan hankalina bai kwanta ba.

Ya kasance mutum mai ƙaiƙayin hannu, shi ya sa muka sa masa Ba-Zama. In ya zo gidanka gaisuwa, kafin a kawo ruwa ya kwance maka fanka. Ya kasance mai gyara wa asibiti da makaranta wuta ko ba a kira shi ba. Ya kasance mai faɗa, wannan kam ba za mu ɓoye ba, ni na fi kowa shan sa.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki, rana tsaka, yana riƙe da filaya. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta koma ja. Wata huɗu yana zaune a bakin taga yana harara. Na je na ce, “Yaya hannun da ya mutu?” Wallahi saura kaɗan ya jefe ni da kofi. Ya ce, “Kai dai bakinka ba linzami. Wa ya ce maka ya mutu? Wuta aka ɗauke a layin nan, ɗaya layin lafiyarsa lau.”

Uwar yara, ke ce kika kawo ƙarshen hararar. Kika zube masa ƙyallayen da suka ragu a wurin tela da guntayen wayarsa, kika ce, “Malam, ga shi, ka dami waɗannan ka bar ni in sha iska.” Ya lanƙwasa waya ta zama zobe, ya datse ta da haƙori, ya murɗa ƙyalle ya zama fure, ya jera. Kambun furanni ke nan, irin wanda ake ratayawa a ƙofa. Na farkon, Allah ya ba mu haƙuri! Kowane fure ya naɗe masa gindi da baƙin salatif, wai kada ya ja mutum. Na ce, “Ba-Zama, furen ma wuta gare shi?” Ya ce, “Aikin da ba a rufe bakinsa ba, ba aiki ba ne.” Har ya koma ga Allah bai daina ba. Duk kambun da kuka gani a ƙofar wani, ku juya bayansa, in akwai baƙin salatif nasa ne.

Na yi masa dariya, na ce namiji guda ya koma wasan ƙyalle. Yau ina jin kunyar maganar nan. Domin a wurin gashin ƙashi ya riƙa jawo masu irin lalurarsa ɗaya bayan ɗaya: direba, malamar makaranta, mai ɗinki. Ya koya musu yadda ake danne zobe da gwiwa, a murɗa da yatsu uku. Yau su goma sha ɗaya ne, duk Talata suna ɗakin aikin nasa. Ga direban can a kujerar baya. Shekara biyu in ba zuwa asibiti ba bai leƙa ƙofar gida ba, sai da Ba-Zama ya je ya yi masa tijara.

Babban ɗan marigayi, ɗana, da kai nake. Na san ba mugunta ba ce. Ka ce mini duk lokacin da ka ga teburin aikin mahaifinka sai zuciyarka ta karye, kuma ban ga laifinka ba. Amma mutanen nan ba su da wani wurin da teburinsa ya yi daidai da keken guragu, ba su da wani wurin da ba a kallon su da tausayi. In ka rufe, kowa zai koma bakin tagarsa.

Kuma bari in faɗi abin da ko mai ɗakina da ke zaune can ba ta sani ba. Watan jiya likita ya ce rawar da hannuna ke yi ba za ta daina ba, ni da tsani sai dai kallo. Na yi niyyar zuwa in ce, “Ba-Zama, ka rama dariyarka, ka koya mini.” Girman kai ya sa na yi ta cewa gobe, har goben ta zo babu shi. Tsoro nake ji, jama'a. Jibi Talata. Zan zo ƙarfe goma in tsaya a bayan mutum goma sha ɗayan nan, ɗana, kuma makullin yana hannunka.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya jiƙan Ba-Zama, ya yafe masa faɗansa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya sa kada mu makara a kan alheri. Amin.