Hayaƙin Bandar Kifi

Yona ya hura iska cikin bututun masu binciken ciwon huhu a wani asibitin Minna, ya dawo benci ya zauna kusa da wata mata mai tari.

"Baba, kai ma sun sa ka hura?"

"Na hura. Numfashina ya fito a allo, ya yi tudu kamar kunyar doya."

"Ni hoton ƙirjina suka nuna mini. Ashe bishiya ce a cikin mutum, rassanta na kallon ƙasa! Ikon Allah."

"Ni asma ce. Ke fa, 'yata?"

"Likita ya tambaye ni ko ina shan sigari. Ni da nake waƙa a coci! Na ce bandar kifi nake yi a Tagwai tun ina budurwa. Ya ce to shi ne. Wai hayaƙin da nake sunkuyawa in shinshina don in gane kifi ya yi, shi ya ƙone ƙananan rassan. Ba sa sake toho."

Yona ya riƙe haɓa. Bai taɓa jin hayaƙi ya bar sawu ba.

"Yau wa ke kan wutar?"

"'Yata Purity. Hancinta ya fi nawa."

"Ai sun ce a kawo duk mai aiki cikin hayaƙi. Kawo ta."

Tari ya sarƙe matar. Sai da ya lafa ta yi magana.

"Baba, na'urar nan ba ta ɓoye komai."

"Shi ya sa na ce ki kawo ta."

"A'a. Ba na son in ga abin da za ta nuna a ƙirjinta. Ba zan kawo ta ba."