Inda Yatsanta Yake

A ɗakin jiran likita, wata 'yar yarinya tana ta fama da rubutun jikin ƙofa, harafi bayan harafi. Wani direban babbar mota ya kasa haƙuri, ya faɗa mata kalmar.

"Haba malam!" in ji uwar. "Wa ya tambaye ka? Bar ta ta haɗa da kanta."

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Tawa ma sa'arta ce."

"Ita ma haka kake katse ta?"

"Ina na gan ta? Kullum ina kan hanya. Ta waya take karanta min. In ta maƙale sai ta ce, 'Baba, wannan fa?' Ni kuwa ba na ganin inda yatsanta yake."

Uwar ta taɓa kafaɗar 'yarta.

"Sake karantawa. Nuna wa Baba da yatsa."