An Karɓe Mini Ganga Saboda Butar Shayi

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Iliya daga Kara-Kara a Damagaram, kuma raina a ɓace na rubuto.

Ni ke kaɗa ganga a majami'armu. A fadarmu ta shayi kuwa, inda muke zaman hira, ni kaɗai ne Kirista, tare muke kallon ƙwallo a tele. In aka kira sallah ana tsakiyar wasa, abokaina sukan tafi masallaci su bar ni da buta a kan gawayi. Da sun dawo in zuba masu shayi, in faɗa masu wanda ya ci.

Wani dattijon majami'armu ya gan ni. Ran Lahadi ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Iliya ya zama mai gadin Musulmi, saura ya bi su sahu." Nan take aka karɓe mini ganga.

Baba, da girmanka, amma ka zalunce ni! Wace aya ta hana ni tsare wa maƙwabcina shayi? Da zazzaɓi ya kayar da ni, abokan nan nawa su suka kai ni likita a moto, wato babur. Kai ko leƙowa ba ka yi ba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Ina gaida 'yan fada: ran Asabar ku zo da sukari. Ganga suka karɓe, buta tana hannuna.